Idan jakar ciki ta ƙi: jagora ga wanda za a sake yi wa tiyatar hanji

Ranar da likita ya ajiye biro ya ce mini "sai mun sake shiga", ba tsoro ne ya fara kama ni ba. Haushi ne. Na riga na ba da babban hanjina, na hau teburin fiɗa har sau biyu, na yi watanni da leda manne a gefen ciki, duk don in kai ranar da zan riƙa shiga bayi kamar kowa. An kai ranar, an ci shekaru, sai ga shi ana cewa a koma baya. Abin da zan rubuta nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini a wancan makon, bi da bi.

Ga wanda ke karantawa saboda wani nasa, bari in fara da jakar kanta. Idan gyambon babban hanji ya gagari magani, ko kuma ciwon gadon nan da ke cika hanji da tsiro har ya kai ga sankara, ana cire babban hanjin da ƙarshensa. Sai a ninka wutsiyar ƙaramin hanji gida biyu, kowane ɓangare kimanin santimita 15 zuwa 20, a ɗinke ta ta zama ma'aji, a haɗa da dubura. Alan Parks da John Nicholls ne suka bayyana aikin a asibitin St Mark's na Landan a 1978, da jaka mai siffar harafin S. A 1980 Utsunomiya na Japan ya fito da mai siffar J, wadda ita aka fi yi a yau. Ga yawancin mutane tana aiki lafiya, bayan gida sau 4 zuwa 8 a yini da dare. Amma a cikin mutum ashirin, ɗaya ko biyu jakarsu kan gaza cikin shekara goma. Da su nake magana.

Da farko, a gano sunan abin da ya ɓaci

Nan ne na fi so ka daɗe, domin duk sauran matakan a kansa suke tsaye. "Jakar ba ta aiki" ba sunan ciwo ba ne. Mutum biyu za su zo da kuka iri ɗaya, zawo sau goma sha biyar, ciwon mara, rashin barci, amma ɗaya kwaya za ta warkar da shi, ɗayan kuwa sai wuƙa.

Wanda ya fi yawa shi ne kumburin jakar. Kusan rabin waɗanda aka yi wa jaka saboda gyambon hanji sukan gamu da shi ko da sau ɗaya ne, kuma galibi mako biyu na maganin kashe ƙwayoyin cuta, Cipro ko Flagyl, ya isa. Wanda ya ƙi jin wannan ma akwai allurai masu kwantar da garkuwar jiki da ake gwadawa. Kumburi kaɗai ba kasafai yake kai mutum tiyata ba, sai an ƙure magunguna. Abin da ya fi lalata jaka shi ne yoyo a wurin ɗinki. Wani lokacin ɗan ƙarami ne, ba a ma lura da shi ba a lokacin, amma ya tara mugunya a cikin ƙugu, ta yi shekaru tana cin wuri, naman da ke kewaye ya sandare kamar fata, jakar ta kasa buɗewa. Daga nan ne ɓarauniyar hanya kan ɓulle, daga jaka zuwa fatar gefen dubura, ko zuwa farji ga mata. Akwai kuma tsukewar mahaɗa, da kumburin ɗan guntun hanjin da aka bari a saman dubura, musamman in an bar shi da tsawo, da jakar da ta murɗe tun ranar da aka ɗinka ta, da mannewar hanji saboda tabon tsohuwar tiyata. Sai cutar Kuron, wata cutar kumburi da ke iya kama kowane sashe na hanji, wadda kan bayyana a jaka bayan an ɗauka gyambon babban hanji ne kaɗai.

Ka kula da wannan na ƙarshen, domin ana saurin liƙa wa mutum shi. Likitocin da suka daɗe a wannan fanni suna duba lokaci: ɓarauniyar hanyar da ta fito daga wurin ɗinki cikin watannin farko bayan tiyata, mafi yawanci aikin ɗinkin ne, wadda ta fito bayan shekaru kuwa ta fi nuna Kuron. Bambancin ba ƙarami ba ne. Wanda matsalarsa ta ɗinki ce zai iya shekara uku yana shan allurai masu tsada a banza, alhali gyara yake bukata. Wanda Kuron ce ke cinsa kuma, in aka sake masa jaka ba a shawo kan cutar ba, sabuwar ma za ta iya bin sawun tsohuwar.

Don haka kada ka yarda a sa ranar babbar tiyata sai an yi waɗannan: an leƙa jakar da kyamara an ɗebo ɗan nama an gwada, an ɗauki hoton MRI na ƙugu, an zuba ruwan hoto ta dubura an ga siffar jakar da yadda take zubarwa, an auna ƙarfin tsokar da ke riƙe dubura, an gwada bayan gida don ƙwayar cutar da ake kira C. diff. Sau da yawa sai an sa ka barci an duba da hannu, domin ciwo ba zai bari a duba da kyau kana farke ba. Kuma ka faɗi gaskiya in kana shan magungunan ciwon jiki irin su Brufen da Voltaren. Suna fusata jaka, har wani a ɗauka jakarsa ta lalace alhali kwayar ciwon baya ce ke ta'adi.

Naka aikin a wannan mataki: ka samo littafi ka yi mako biyu kana rubuta sau nawa ka shiga bayi da rana, sau nawa da dare, ko ya kuɓuce maka, ko akwai jini ko zazzaɓi, da nauyinka. Sannan ka nemo kwafin bayanin tiyatarka ta baya, wanda likita ya rubuta bayan ya fito daga ɗakin fiɗa. Takarda ɗaya ko biyu ce, amma ita ke faɗin irin jakar, da yadda aka haɗa ta, da wahalar da aka sha a ciki. Wanda zai sake buɗe ka yana bukatarta fiye da duk labarin da za ka ba shi da baki.

Na biyu, ka san hanyoyin da ke gabanka

Ba kowace "sake shiga" ce ake tsaga ciki ba. Tsukewa ana iya buɗa ta ta dubura. Mugunya ana iya zuƙe ta da roba. Ɓarauniyar hanya ana iya zura mata zare mai laushi a bar shi, don ta riƙa zubarwa kada ta sake taruwa. Ka tambaya ko akwai irin wannan ƙaramin aiki kafin a je ga babba.

In abin ya wuce nan, hanyoyi huɗu ne. Ana iya fito da hanji ta gefen ciki, wato sitoma, a bar jakar a wurinta ta huta. Ana iya kwance jakar a gyara ta ko a ɗinka sabuwa. Ana iya cire ta gaba ɗaya a rufe dubura, sitoma ta zama ta dindindin. Ta huɗun ita ce jakar da Nils Kock na Suwidin ya ƙirƙiro a 1969: ma'aji a cikin ciki mai bawul, wato makarin da ke hana abin da ke ciki fitowa, wanda mutum ke zura roba ya zubar sau 'yan kaɗan a rana ba tare da leda ba. Asibitoci ƙalilan ne ke yin ta, kuma bawul ɗin ya shahara da zamewa, sai an sake gyara.

Sau da yawa likita zai ce a fara da sitoma a jira wata shida kafin a taɓa jakar. Na ji kamar jan rai ne, amma da dalili. Kumburi zai sauka, mugunya ta bushe, tabon da ke manne hanji ya yi laushi, kai kuma ka mayar da nama. Sauri ya haifi nawa, kuma a cikin ƙugun da aka taɓa yanka ya fi ko'ina gaskiya. Wani abu da ba a cika faɗa ba: mutane da dama, da suka yi wata uku suna barci har safiya, sukan ce a bar su haka nan, ba sa son wata jaka. Wannan ba gazawa ba ce.

Wane ne zai yi aikin? A nan ba ni da kunya. Sake ɗinka jaka yana cikin ayyukan hanji mafi wuya, kuma ba duk likitan da ya iya ɗinka ta farko ne ya saba da ta biyu ba. Ka tambaye shi kai tsaye: irin wannan guda nawa kake yi a shekara? A cikin waɗanda ka yi wa, nawa ne har yanzu jakarsu ke aiki? In ka buɗe ka ga ba za ta gyaru ba, me za ka yi, kuma mun amince da hakan tun yanzu? Santimita nawa na ƙaramin hanji za su rage mini? Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi, domin kowace sabuwar jaka tana cin santimita 30 zuwa 40, kuma in abin da ya saura ya gaza mita 2, jiki kan fara kasa tsotse ruwa da abinci yadda ya kamata. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma ba ya hana ka jin ta bakin wani likitan.

Na uku, shawarar taka ce

Ni ra'ayina, kuskuren da muka fi yi shi ne mu mayar da jakar tamkar ita ce rayuwar. An sha wahala a kanta, shi ya sa rabuwa da ita ke kama da asara. Amma ka ɗauko littafin nan naka ka karanta shi kamar na wani ne. Mutumin da ke tashi sau biyar kowane dare, wanda ya san inda kowane bayi yake a duk hanyar da yake bi, wanda ba ya cin komai tun safe in zai fita, me yake karewa? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A ɗaya gefen kuma, wanda tsokar duburarsa ke da ƙarfi, matsalarsa ta ɗinki ce zalla, yana da sauran ƙarfin jure tiyata biyu ko uku, yana da hujja mai kyau ta gwada sabuwar jaka. Sai dai ya sani cewa ta biyu ba ta cika kai ta farko kyau ba, an fi yawan shiga bayi da ɗigowa da dare.

Maganar haihuwa da kwanciyar aure a yi ta yanzu, ba bayan tiyata ba. Jijiyoyin da ke kula da miƙewar gaba da fitar maniyyi da mafitsara suna bi ta gefen wurin da za a yi aikin, kuma tabo kan ɓoye su. Namijin da ke son haihuwa ya tambayi yiwuwar ajiye maniyyi. Ke kuma 'yar'uwa, tabon ƙugu kan toshe hanyar ƙwai, don haka in kina da niyyar ciki, ki tambaya ko za a iya tsayawa a sitoma tukuna, a jinkirta aikin ƙugun. Likitoci da yawa ba sa fara wannan magana sai an taso musu da ita.

Na huɗu, gina jiki kafin ranar

Wanda ya shiga tiyata ta biyu yawanci ya fi rauni a kan lokacin ta farko, domin ya daɗe yana zubar da jini da ruwa. Makonnin jira ba na zaman banza ba ne. A auna jininka. In ya yi ƙasa, ƙarin sinadarin ƙarfe, wato ayan, ta jijiya ya fi kwaya saurin aiki, kuma bai dami hanji ba. In ka rame, a haɗa ka da masanin abinci, a ƙara maka furotin, ko da na sha ne. Taba sigari a ajiye ta aƙalla mako huɗu kafin ranar, domin tana hana ɗinki kamawa. Ka riƙa tafiya kullum gwargwadon ƙarfinka, ko minti ashirin ne.

In kana shan siteroyid, wato magungunan kwantar da kumburi irin su furedinisolon, ka saurara. Miligiram 20 na furedinisolon ko fiye a kullum, har sama da mako shida, yana ƙara haɗarin ruɓewar ciwo da yoyon ɗinki, don haka likita zai so ya rage maka a hankali. Amma kada ka yanke shi da kanka rana ɗaya. Jikin da ya saba da shi yana iya faɗuwa warwas, kuma likitan sa barci dole ya san kana sha, don ya ba ka ƙari a ranar aiki. Haka magungunan tsinka jini da na suga da allurar kwantar da garkuwar jiki, kowanne da ranar tsayar da shi. A rubuta maka, kada ka dogara da tunawa.

Sai alamar sitoma. Ko ka taɓa yin sitoma, ka nemi nas ɗin da ta ƙware a kanta ta sa maka alama kafin tiyata. Za ta sa ka zauna, ka tsaya, ka sunkuya, ta ga inda fata ke naɗewa, ta kauce wa cibiya da tsohon tabo da inda ɗamara ke zama. Cikin da aka taɓa yanka ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Santimita biyu kacal na iya zama bambanci tsakanin ledar da ke kwana uku da wadda ke ɓallewa kowane dare. Ka je da irin tufafin da ka saba sawa.

A gida kuma ka shirya wanda zai tsaya maka mako biyun farko, ka faɗa masa ainihin abin da za ka bukata. "Zan neme ka in da hali" ba shiri ba ne.

Na biyar, kwanakin asibiti

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Warin ɗakin majinyata kaɗai ya isa ya dawo maka da duk abin da ka sha a baya. Ka faɗa wa likitan sa barci abin da ya fi ba ka wuya wancan karon, amai ne, ko ciwon da aka yi jinkirin kashewa, ko robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki. Yawancinsu akwai dabarar rage su in an sani tun da wuri.

Aikin zai fi na farko daɗewa, domin awanni na iya tafiya wajen raba hanjin da ya manne kawai. A gaya wa masu jira a waje, kada hankalinsu ya tashi. Za ka iya farkawa da robar fitsari, da robar da ke zuƙe ruwa daga ƙugu, wani lokacin da siraran robobi da aka zura a bututun da ke saukowa daga ƙoda don kada a yanke su bisa kuskure, waɗanda kan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu.

Tsarin da Henrik Kehlet na Denmak ya assasa a shekarun 1990 ya sauya yadda ake jinya: a tashi zaune tun ranar farko, a taka, a fara sha da wuri. Ka bi shi ko ba ka so. Na tuna tafiyata ta farko, hannu ɗaya a kan sandar ƙarin ruwa, ɗayan na danne da matashi a kan ɗinki, taku goma sha biyu zuwa bakin ƙofa, na dawo ina haki kamar na yi tsere. Washegari na kai ƙarshen baranda. Tafiyar nan ce ke tayar da hanji, ta buɗe huhu, ta hana jini daskarewa a ƙafa.

Duk da haka hanjin da aka daɗe ana taɓawa yakan yi fushi ya kwanta. Ciki ya kumbura, sitoma ta yi shiru, amai kore ya zo. In aka ce sai an sa robar hanci, ka yarda. Minti biyu ne na azaba, sannan sauƙin da ba ya misaltuwa. Yakan wuce cikin kwanaki. Abin da ba a jira da shi shi ne zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, da sabon ciwo a can ƙasan mara, musamman wajen kwana na biyar zuwa na bakwai, lokacin da yoyon ɗinki ya fi bayyana. Jiki magayi. In ka ji wani abu ya sauya, ka faɗa, ka sake faɗa.

Kada ka bar asibiti sai ka canza leda da hannunka aƙalla sau biyu, kuma an ba ka lambar da za ka kira da dare. Wasu asibitoci kan sallami mutum da allurar tsinka jini ta kusan mako huɗu, domin masu ciwon kumburin hanji sun fi saurin samun gudan jini. In an ba ka, ka ƙarasa ta.

Na shida, ruwa

Na ware wa wannan mataki nasa, domin shi ya fi mayar da masu sabuwar sitoma asibiti. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, kai kuwa ba ka da shi. Sitomar da aka fitar a saman jaka kuma ta fi ta ƙarshen hanji zubar da ruwa, domin tana can sama. Ka sami kofin awo ka ajiye a bayi, ka auna abin da ke fita cikin awa 24. Daga mililita 600 zuwa 1,200 daidai ne. In ya haura lita ɗaya da rabi, ka kira asibiti a ranar.

Ga tarkon: ƙishi zai kama ka, ka yi ta kwankwaɗar ruwa zalla, shi kuwa ruwa zalla yana jan gishiri daga jiki zuwa cikin hanji ya fice da shi. Kana sha kana ƙara bushewa. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi sun fi muni. Abin da ake so shi ne ruwan gishiri da suga. Haɗin da asibitin St Mark's ya yi suna da shi shi ne lita ɗaya ta ruwa, giram 20 na gulukos, giram 3.5 na gishiri, da giram 2.5 na bekin soda, a riƙa kurɓa a hankali duk yini. Da sanyi ya fi shawuwa. Imodium kuma, maganin rage zawo, a sha shi kimanin rabin awa kafin abinci, bisa adadin da likita ya faɗa. Mai ciwon ƙoda ko zuciya ko hawan jini ya tambaya kafin ya ƙara gishiri.

Fitsarinka ne alkali. Ya kai kusan lita ɗaya a rana, launinsa fari-fari. In ya koma ja-ja ya ragu, jiri na ɗibarka in ka miƙe, ƙafa na ɗaurewa da dare, ƙodarka ce ke kuka.

Abinci kuwa kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida, a tauna sosai. Mako shida na farko sitoma a kumbure take, don haka a guji abin da ba ya narkewa, irin su gyaɗa, masara, kwakwa da bawon 'ya'yan itace. In ta toshe, ciki zai murɗa, abin da ke fita ya tsaya ko ya koma ruwa tsululu mai wari. Ka dakatar da abinci mai tauri, ka sha abu mai ɗumi, ka kwanta ka jawo gwiwa zuwa ƙirji, ka faɗaɗa ramin leda in sitomar ta kumbura. In amai ya zo, ko aka yi awa shida ba abin da ya fita ga ciwo, asibiti kawai. Kada ka sha maganin wankin ciki.

Na bakwai, abubuwan da ba a faɗa a ɗakin likita

In an cire jakar an rufe dubura, ciwon da ke baya ne zai fi ba ka aiki, ba na ciki ba. Ya shahara da jinkirin warkewa, wani wata uku, wani fiye, musamman in da mugunya a da. Ka kwanta a gefe, ka zauna a matashi mai laushi na ɗan lokaci kaɗan, ka guji matashin nan mai rami a tsakiya domin yana buɗa ciwon. Wurin ya zauna a bushe. Kuma duk inda ka je asibiti ka faɗa musu an rufe, kada wani ya zo da maganin matsi ko ma'aunin zafi.

Za ka iya jin kamar bayan gida ya matse ka alhali babu hanyar. Jijiyoyi ne ba su samu labari ba tukuna. Zama a kan masai na minti biyu kan kwantar da shi, kuma yana raguwa da lokaci. In kuma an bar jakar tana hutawa, majina za ta riƙa fita ta dubura jefi-jefi. Ba matsala, sai in ta zo da jini mai yawa ko zazzaɓi. Jakar da aka bari ma tana bukatar a riƙa leƙa ta lokaci-lokaci.

Kada ka ɗaga abin da ya fi buta cike da ruwa nauyi har mako shida zuwa takwas, don kada hanji ya turo ta gefen sitoma kamar ƙaba. In za ka yi tari, danne wurin da hannu. Sitoma tana ƙanƙancewa a waɗannan makonni, don haka ka riƙa auna ta kana rage ramin leda. Fatar da ta yi ja tana zafi alama ce ramin ya yi faɗi.

Zuciya kuwa takan jira sai jiki ya fara samun sauƙi sannan ta kawo nata kukan. Ni a mako na biyar ne, ina tsaye gaban madubi ina yanka ramin leda da ƙaramin almakashi, hawaye suka zo ba sallama. Ba ciwo nake ji ba. Kawai na ga sabon tabo kwance a kan tsohon ne. In irin wannan ya zo ya wuce, ba komai. In ya zauna fiye da mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba ka son ganin kowa, ko asibitin na dawo maka a mafarki, ka faɗa wa likita kamar yadda za ka faɗi zazzaɓi, akwai masu taimakawa a kan haka. Hira da wanda ya riga ka bin wannan hanya ma tana yin abin da magani ba ya yi. Nas ɗin sitoma takan san irinsu, ka roƙe ta ta haɗa ku. Abokin zamanka kuma ka nuna masa ledar da rana tsaka, ya gani ya yi tambayoyinsa, kafin a kai ga shimfiɗa.

In sabuwar jaka aka ɗinka, ba a rufe sitoma sai an zuba ruwan hoto an tabbatar ɗinki ya kama, galibi bayan wata uku ko fiye. Kada ka matsa a gaggauta. Kafin ranar ka riƙa motsa tsokar dubura, matsewa da saki, in likita ya ba da izini, kuma ka tanadi man kare fata, domin makonnin farko bayan rufewa fatar wurin tana shan wuya.

Ko wace hanya aka bi, a ganin likita na farko ka je da littafinka da jerin magungunanka. Ka nemi a riƙa auna maka bitamin B12, domin a wutsiyar ƙaramin hanji ake tsotse shi, daidai wurin da aka yi ta yanka. A duba ƙoda da gishirin jini da maganiziyam, a sa ido kan tsakuwar ƙoda da ta matsarmama, waɗanda suka fi samun masu gajeren hanji. In kuma ka taɓa ganin kwaya ta fito a leda yadda ka haɗiye ta, ka faɗi sunanta, a canza maka da wadda ke narkewa da wuri ko ta ruwa.